Ranar da Na Kai Apa Sugran Tashar Lahore

Yayata Sugran Bibi ta girme ni da 'yan shekaru, tun ina rarrafe kuma Apa nake ce mata. A unguwarmu ta maƙeran wuƙa a Wazirabad abu biyu aka san ta da shi: iya goge ƙotar wuƙa har ka ga fuskarka a jiki, da son jirgin ƙasa. Na farkon ana yaba mata. Na biyun kuwa abin zolaya ne. Duk sanda jirgi ya yi kuka daga nesa sai matan lungun su ce, “Sugran, ga mijinki na biyu can yana kira.” Ita kuma ko kai ba ta ɗagawa za ta ce, “Shi dai bai taɓa tambayata ina abinci ba.”

Abbanmu, Karam Ilahi, ƙaramin ma'aikacin reluwe ne. Aikinsa rufe ƙofa a inda hanyar amalanke ta tsallaka dogo, can bayan gari wajen gonakin alkama. Ɗaki ɗaya aka ba shi a gefen layin, a cikinsa aka haife mu. In jirgi zai wuce kwanukan innarmu sai su kama rawa a kan kanta. Ni abin da na samu a wurin tari ne da tsoron hayaƙi. Apa kuwa da ta ji dogo ya fara gunji za ta yar da abin da ke hannunta ta ruga ta tsaya kusa da Abba, yana ɗaga koriyar tuta tana ɗaga gefen mayafinta. A wancan zamanin kan jirgi mai cin kwal ne, baƙi ƙirin, yana tafe yana huci. Masu zuba masa wuta sun san ta, wani lokaci su jefo mata dunƙulen kwal ta kawo gida a yi girki. Innarmu za ta karɓa ta yi ta faɗa a kan baƙin da ya ɓata riga, amma ba ta taɓa mayar da kwal ɗin ba.

Da ta isa aure aka ba ta Fazal Din, maƙerin wuƙa, mutumin kirki marar yawan magana. Gidansa a tsakiyar gari yake, cikin lungun da ko keke sai an karkata shi yake shiga. Tasha ba ta da nisa da su, amma matar aure ba ta zuwa tasha ta zauna haka siddan. Saboda haka jirgi ya koma abin da take ji daga saman soro in ta hau shanya. Ta shiga shi dai wasu lokuta, zuwa biki ko gaisuwar mutuwa, kullum a ƙurya da goyo a cinya da ƙullin kaya tsakanin ƙafafu.

Sauran rayuwarta ba ta da wuyar faɗi. Uwar mijinta ta kwanta, ta yi jinyarta har ta rasu. Ta raini 'ya'ya biyu, Tanwir da Shagufta. Shagufta ta yi aure a Lahore, Tanwir ya karɓi maƙerar. Ana cewa yanzu kam Sugran za ta huta, sai ɓarin jikin Fazal Din ya shanye. Shekara da shekaru ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ba shi abinci a baki, tsakanin nan kuma tana goge wa Tanwir ƙotoci don kada aiki ya taru. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Na dai lura tafiyarta ta canza, ta koma dafa bango.

Da Allah ya yi masa rasuwa, bayan ta fita takaba da 'yan kwanaki, ta aika a kira ni.

“Inayat, kana da wani aiki ranar Talata?”

“Wane aiki gare ni, Apa? Shagon ma yara sun karɓe, kujera kawai suka bar min.”

“To ka kai ni Lahore.”

Na ɗauka asibitin ido take nufi, don ta jima tana cewa tana ganin hazo. Ko kuwa gidan Shagufta. Ta girgiza kai.

“Tasha za ni. An ce layuka ne birjik a can, wannan na shiga wancan na fita. So nake in samu benci in zauna in yi kallo, ba mai kiran sunana. Da yamma mu dawo.”

“Apa, tasha ai ga ta nan a garinmu.”

“Ta gida ce. In na zauna a can, kafin in gyara mayafi labari ya riga ni dawowa, a ce matar marigayi Fazal Din ta zare.”

Ni kaina ba lafiya ce ta ishe ni ba, gwiwata ta dama ta daɗe da yi min yaji. Amma tun da nake da ita ba ta taɓa roƙona komai ba. Na ce Allah ya kai mu.

Da Tanwir ya ji sai ya ja ni gefe. “Kawu, kai ma biye mata za ka yi? Mace tsohuwa, rana na dukan mutane haka, a je kallon ƙarfe?”

Na ce, “Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kai ba ka kwana kallon ƙwallon kurket a waya?”

Matarsa Robina kuwa, a ganinta ba zai yiwu uwa ta shiga gari 'yarta ba ta sani ba. Ta buga wa Shagufta waya a bayan idonmu. Ranar Talata da sassafe na zo na tarar da kaya a ƙofar gida: ƙullin shinkafa, gwangwanin man shanu, da saitin wuƙaƙe na dangin mijin Shagufta. Apa ta tsaya ta dubi kayan, ta dubi Robina, ta ce, “Allah ya yi miki albarka.” Ni da na san ta na san ba abin da ke bakinta ke nan ba.

An gama girbin alkama, gonaki duk sun yi fari, zafi ya fara tun kafin rana ta ɗaga. Jirgin ya makara, da ya zo kuma a cike ya zo. Da kyar na samo mata gefen kujera. Tagar da ke kusa da mu a rufe take, wani saurayi ya jingina da ita yana barci. Apa ta jira har ya motsa.

“Ɗana, ko za ka ɗan ɗaga mana tagar?”

“Inna, ƙura,” ya ce, bai ko buɗe ido sosai ba.

Ta tashi ta tsaya a tsakiyar taragon, tana riƙe da ƙarfe tana sunkuyawa ta leƙa ta tagogin mutane. Masu tallar shayi da dafaffen ƙwai suna ta bangaje ta. Bayan mun wuce Gujranwala ƙafafunta suka gaza, ta juyo ta tarar an zaune mata wuri, sai ta zauna a kan ƙullin shinkafar. Daga nan ba ta ganin komai sai gwiwoyin mutane. Can da muka kusa, ƙarar ƙafafun jirgin ta sauya, ta yi zurfi kamar ana dukan ganga a rijiya. Ta lumshe ido ta ce, “Gada. Mun hau kogin Ravi.” Fuskarta ta ɗan saki.

Muka sauka a Lahore. Ta tsaya cak a tsakiyar jama'a ta ɗaga kai tana duban rufin ƙarfen, da tattabarun da ke ciki, da wani dogon jirgi da ke tsaye a ɗaya layin. Ina cikin neman benci sai na ji an karɓe min gwangwanin man daga hannu. Mazhar ne, mijin Shagufta, yana ta gumi.

“Sannunku da hanya. Inna, sannu. Kawu, kawo shinkafar. Mu yi sauri, na bar mai riksha a waje, ba a barin su su daɗe a tsaye.”

Apa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. “Ɗana, da dai mun ɗan zauna tukuna.”

“A nan? Haba Inna, me ke nan ban da wari da 'yan sane? Shagufta tun asuba take leƙen taga.”

Ta dube ni. Na buɗe baki, amma Mazhar ya riga ya yi gaba da kaya a ka. Mace irin Apa ba ta jayayya da mijin 'yarta a bainar jama'a. Muka bi shi.

Ba zan iya faɗin tsawon lokacin da muka ɗauka a hanya ba. Rikshar, 'yar keken haya mai ƙafa uku, ta kutsa nan, ta maƙale can, hayaƙin motoci yana shiga mana hanci, kowane rami kuma a gwiwata yake sauka. Gidan nasu a hawa na uku yake, an kuma ɗauke wuta. Muka hau muna hutawa.

Shagufta ta buɗe ƙofa da tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum. Tana ganin uwarta ta fashe da kuka.

“Umma, ashe za ki iya shigowa Lahore ki koma ba ki gan ni ba?”

“Wa ya ce miki?”

“Robina ta ce wai jirgi kika zo gani.”

“Robina bakinta ba ya gajiya. Matsa in wuce.”

Ta shiga ta dubi gidan. Kwanuka sun taru a wurin wanke-wanke, wanki ya cika bokiti, garin da aka fara kwaɓawa ya bushe a kwano don Shagufta ba ta iya daɗewa a tsaye. Apa ta cire mayafi ta rataye a ƙofa, ta naɗe hannun riga. Ba wanda ya sa ta. Kafin in gama shan ruwa ta kwaɓa gari, ta ɗora miyar wake, ta koma kan kwanuka. Da ta gama ta zaunar da 'yar, ta ɗora ƙafafunta a cinya tana murza mata man mastad.

Na leƙa na ce a hankali, “Apa, rana fa tana tafiya.”

“Ido gare ni, Inayat.”

Na koma falo, Mazhar ya yi ta ba ni labarin kasuwar kayan waya da yadda 'yan China suka ɓata ta. Ina gyangyaɗi ina cewa haka ne. Muka yi azahar, muka ci abinci. Na ce to, yanzu kam sai tafiya. Ashe maƙwabta sun ji labarin uwar Shagufta ta zo, wadda ta rasa miji kwanan nan. Suka fara shigowa bibbiyu, uku-uku, a yi gaisuwa, a ɗaga hannu a yi addu'a, a sake dafa shayi. Kowace sai ta ji yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Apa tana zaune tana amsawa da murya ɗaya, “Haƙuri sai ma'aiki. Na gode. Allah ya ba da lada.” Inuwar tagar kuwa tana ta jan jiki a bango.

Da ta ƙarshe ta fita Shagufta ta riƙe hannunta ta ce ta kwana. Apa ta ce ba ta zo da maganinta ba. Mazhar ya ce to bari ya kai mu tashar mota, akwai manyan motoci masu sanyi, mutum ya kishingiɗa har Wazirabad.

A nan ne kawai a duk ranar na ji ta ɗaga murya, ita ma ba sosai ba. “Ɗana, a jirgi na zo, a jirgi zan koma.”

Mazhar ya dube ni, na kawar da kai. Ya sauka neman riksha.

La'asar ta yi sanda ya ajiye mu a bakin tasha. A wajen ginin an girke wani tsohon kan jirgi irin na zamanin Abba, an kewaye shi da shingen ƙarfe. Da safe ba mu lura da shi ba saboda sauri. Apa ta je ta kama shingen. An shafe shi da fenti yana ta ƙyalli, an zana masa ja a ƙafafu, a wurin da ake zuba kwal kuma mutane sun jefa ledoji da robobin ruwa.

“Sun yi masa kwalliya,” ta ce. “Ba wuta a cikinsa.”

Ba ta daɗe ba ta juya.

Na sayi tikiti, aka ce jirginmu ya kusa tashi. Na nuna mata wani benci da ya rage wuri, ta ce a'a, gadar da ake tsallaka layuka ta sama take so ta hau, daga can za a ga duka. Na dubi matakalar, na dubi ƙafafunta. Ta kama ƙarfen gefe ta fara hawa, ta taka kaɗan ta tsaya, ta taka kaɗan ta tsaya, ina bayanta ina jan tawa ƙafar. 'Yan dako suna ta “hanya, hanya” suna raɓa mu.

Daga sama layukan sun bazu kamar gashin da aka tsefe, suna haɗuwa suna rabuwa har inda ido ya ƙare. Wani kan jirgi yana tura taragun kaya a hankali. Wani dogon jirgi kore, ƙura ta rufe shi, yana shigowa daga kudu, mutane sun cika ƙofofinsa. Apa ta jingina ƙirjinta da ƙarfen tana haki. Na jira in ga murnar nan da na sani tun muna yara. Ta ƙanƙance ido, ta goge su da mayafi, ta sake ƙanƙancewa.

“Me aka rubuta a jikin wancan?”

Na karanta mata: daga Karachi yake.

“Tun jiya ke nan suna hanya,” ta ce. Wani jirgi ya yi kuka a ƙasanmu, wani ya amsa daga can nesa. Ta karkata kunne. “Ban san su ba, Inayat. Da can da kuka nake gane kowanne. Waɗannan duk muryarsu ɗaya.”

Wani ɗan sandan tasha ya iso yana buga sanda a ƙarfe. “Baba, Inna, ba a tsayawa a kan gada. Wa kuka rasa?”

Na ce ba mu rasa kowa ba.

“To me kuke jira?”

Kunya ta kama ni, na fara laluben abin da zan ce. Apa ta ce, “Kallo nake, ɗana.”

Ya leƙa ƙasa ya ga ko wani abu ya faru, bai ga komai ba sai jirage. Ya yi 'yar dariya. “To Inna, a matsa gefe a yi kallon, kada a ture ki.” Ya wuce.

Ba mu ƙara daɗewa ba, lasifika ta kira jirginmu. Saukowa ta fi hawa wuya. Da muka iso ƙasa na nufi taragonmu, ita kuwa ta miƙe ta bi gefen jirgin har gaba, inda kan yake tsaye yana gurnani. Direban dattijo ne mai furfura a gemu, yana zaune a bakin tagarsa yana shan shayi, idanunsa jajaye. Ta yi masa sallama. Ya amsa yana duban bayanta, ya zaci tambayar hanya za ta yi.

“Ubana mai rufe ƙofa ne,” ta ce, “a bayan Wazirabad. Ya daɗe da rasuwa.”

“Allah ya jiƙansa.”

“Amin. Tambaya gare ni. In kuna wucewa, kuna ganinsu kuwa? Masu ƙofar?”

Ya kurɓi shayinsa, ya yi ɗan tunani. Ba don wulaƙanci ya faɗa ba, gajiya ce kawai a muryarsa. “Gaskiya Inna, tutar muke dubawa. In koriya ce mu wuce. Mutumin kam ba ka lura da shi sai ranar da bai rufe ba.”

Apa ta gyaɗa kai. “Haka ne,” ta ce. “Allah ya kiyaye hanya.”

Ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a jikin ƙarfen. Da zafi, ta janye ta duba tafin, ta goge a mayafi. Muka koma baya da sauri gwargwadon yadda tsofaffi biyu za su iya.

Wannan karon ta samu taga, a buɗe kuma. Ta ɗora haɓa a hannu tana kallon bayan gidajen Lahore suna wucewa, da yara masu wasa a gefen dogo, da baƙaƙen shanu kwance a kududdufi. Muka tsallake kogin. Ba mu yi nisa ba na ga kanta yana rinjaya, ta farka ta gyara zama, ya sake rinjaya. Daga baya ya sauka a kafaɗata, ya zauna a nan. Ana kiran magariba muka shiga Wazirabad.

Robina ta tare mu a ƙofa da kofin ruwa. “Umma, an ga jirgi?”

“An gani.”

Ta kwana biyu ba ta sauko daga gado ba, ƙafafun sun kumbura. Gaisuwar da Tanwir ke yi min ta gajarce. Da na je duba ta na tambaye ta ko tafiyar ta biya.

“Ta biya mana,” ta ce. Sannan ta ƙara, “Ashe kallo ma sai da ƙarfi.”

Na ce in zafi ya wuce sai mu koma, ba tare da kowa ya sani ba. Ta ce to.

Kafin zafi ya wuce Shagufta ta haihu, haihuwar kuma ta zo da wahala har aka yi mata aiki. Mazhar ya zo da motar haya ya ɗauki Apa, a kan za ta zauna da su zuwa arba'in. Arba'in ta wuce, Shagufta ba ta gama warwarewa ba, jaririyar kuma ba ta yarda da hannun kowa sai na kakarta. Yanzu sanyi ya shigo, tana can. Ba ta saukowa daga benen sai ranar asibitin ido.

Shekaranjiya ta kira ni a wayar Shagufta, ina jin kukan jaririyar a kusa da bakinta. Ta tambayi gwiwata, ta tambayi wanda ya rasu da wanda ya haihu a lungu. Sannan ta ce in gaya wa Tanwir ya haɗa mata bargonta mai kauri da 'yar kujerarta ta tsuguno, don ɗakin girkin Shagufta komai a tsaye ake yi, bayanta ya fara gaya mata. Tanwir ya ce aiki ya yi masa yawa, ba zai samu zuwa ba. Ni zan kai mata ranar Asabar, in gwiwar ta bari.